Ruwa a Tankin Taƙi-Kwalta

Ta ina ruwan nan ya shiga tanki? Tun daminar bara nake juya tambayar nan, in juya ta a kan sallaya, in juya ta a bakin murhu, har yau ban kamo bakin zarenta ba. Ni na tace man da hannuna. Ni na ɗaga kwalba na duba. Malam ya rufe tankin a gabana, na ji lokacin da murfin ya kama. Amma mota ta je tsakiyar rafi ta mutu, aka buɗe aka tarar da ruwa a cikin mai, kuma sanadin rabuwata da mijina ke nan. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Sunana Tasalla, amma a unguwarmu nan Wudil Iya Mai Tace aka fi sani. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, saboda haka Zulai, matar autana Habibu, ita ke riƙe da biro, ni ina faɗa. In kuka ya ci ƙarfina ta san ta jira ni. Abin da ya sa na matsa a rubuta shi ne, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Habibu kuma ya tashi motar ubansa, ya ce da ruwa ya sauka zai koma hanyar da uban yake bi. Motar ita ce, tankin shi ne, rafin ma yana nan inda yake. Ni kuwa ban san ƙofar da ruwan ya biyo ba, balle in toshe ta. In na yi magana, shi da abokansa sai su ce, "Haba Iya, mai ne fa kawai. A zuba a ba ta wuta." To, ku zauna ku ji abin da ke cikin "a zuba" ɗin nan.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, gas take sha, wanda yaran yanzu ke cewa dizal. Mutanen tasha ne suka laƙaba mata Taƙi-Kwalta, don in ta hau titi sai ta yi ta kyarma da ƙara kamar za ta warwatse, amma da ta sauka taɓo ko rairayi sai ta natsu ta kama tafiya. Inda sauran motoci ke sauke fasinja su juya, nan aikinta ke farawa. Lajawa, Ɗankaza, Utai da ƙauyukan bayansu duk nata ne. Da rani ta kwaso tumatir da rake daga fadama, da damina ta kai taki ta dawo da mutane, ran Juma'a ta cika da awaki zuwa kasuwa. Matan da ta kawo asibiti suna naƙuda ban san iyakarsu ba. Can ciki babu gidan mai, babu bakanike. In mota ta mutu, sai abin da direba ya iya da hannunsa. Shi ya sa Malam yake sayen gas duro-duro ya ajiye a gida, ni kuma na zama mai kula da shi. Manaja yake ce min. Ni dai ban taɓa kama sunansa ba, ba kuwa zan fara yau ba.

Ranar da ya fara koya min ina amarya, lallen hannuna bai gama gogewa ba. Ya samo farar kwalba ya zuba gas, ya ce in kawo ruwa a cokali. Ya ɗiga a ciki. Na zaci gaurayewa za su yi, sai na ga ruwan ya dunƙule ya sulale ƙasa ya kwanta.

"Kin gani?" in ji shi. "Ruwa ba ya faɗa da mai. Ko sallama ba ya yi. Shigewa yake ya yi lamo a ƙasa, kamar baƙon da ya zo da mugun nufi. Bututun da inji ke jan mai kuwa, bakinsa a ƙasan tanki yake. Motar birni tana iya yawo da shi wata da watanni bai motsa ba. Mu kuwa rami ɗaya za mu faɗa, mota ta girgiza, ya tashi ya bi bututu."

Na ce, "Yo cokali ɗaya me zai yi wa wannan ƙatuwar mota?"

Ya ce, "Tsakuwa ɗaya a akushin shinkafa me take yi wa haƙori?"

Aikin daga duro yake farawa, tun ba a zo maganar mota ba. Duron da aka tsayar a tsakar gida ruwa ya doke shi, ruwan taruwa yake a kansa, ya kewaye murfi. Da rana ƙarfe ya yi zafi ya fitar da iska, da yamma ya huce ya ja iska ciki, to tare da ita yake zuƙe ruwan, ko da murfin a ɗaure yake tam. Malam ya ce duro numfashi yake yi kamar mutum. Saboda haka namu a rumfa suke, a kishingiɗe kan gungumen itace, baki a ɗage. Sabon duro ba a taɓa shi ranar da aka kawo, sai ya kwana ya wuni, duk abin da ya ɗauko a hanya ya kwanta. In zan ɗiba, tiyona a ɗaure yake jikin sanda, sandar ta zarce shi da faɗin tafin hannu, yadda ita ce ke taɓa gindin duro, ba bakin tiyo ba. Abin da ya rage a gindi ba na mota ba ne, na wanke sifana da sauran kayan gyara ne, da shafa wa azara saboda gara. Jarkar mai ba ta zuwa rijiya, jarkar ruwa ba ta shiga rumfa. Na mai duk na ɗaura musu jan ƙyalle a hannu. Akwai maƙwabciyata da ta daina gaishe ni a kan aron jarka. Na ce gara ta kira ni marowaciya.

Sai kuma dara. Jar hula dara ce ta mahaifin Malam, irin mai kaurin nan ta da, wadda tsofaffi ke naɗa rawani a kai. Ita ake cusawa cikin mazurari, bakinta na kallon sama. Kafin a fara sai an jiƙa ta da gas mai kyau. In ta sha mai, mai ne kaɗai ke ratsa ta, ruwa sai ya tsaya a ciki ƙwaya-ƙwaya kamar idon kifi, yana gangare-gangare. Amma ba ta son gaggawa. Siriri ake zubawa, irin zubin marowaciya da man shanu. Kafin ka gama jarka biyu an dafa wake ya nuna. Nan ne haƙurin yaran yanzu ke ƙarewa, sai ka ga sun zare darar sun ce tana ɓata musu lokaci.

Abu ɗaya ne ke kashe dara, shi ne wanki. In ta sha ruwa ta juya ke nan, ruwan ne zai riƙa wucewa. Zulai, rubuta wannan, kada ki tsallake don da ke ne. Tana sabuwar amarya a gidan nan, tana neman a yaba mata, ta shiga rumfa ta ga hular kakan mijinta ta yi baƙi ƙirin tana wari. Na dawo daga gidan barka na tarar da dara a kan igiya, an dirje ta da sabulu, ta yi jawur tana ɗigar ruwa. Na ɗora hannu a ka. Malam ya shigo ya tsaya, ya dubi hula, ya dubi yarinya tana durƙushe tana jiran sannu da aiki.

"'Yar nan," ya ce, "tun ina da baƙin gemu ake neman mai kashe motar nan. Taɓo ya kasa, rairayi ya kasa. Ashe sai na biya sadaki za a kawo min ita har gida."

Ta fashe da kuka, shi kuwa yana dariya har da tari. Kwana da kwanaki darar tana shan rana a kan kwano, sai da ta bushe ƙayau muka sake jiƙa ta da mai, muka gwada ta da cokalin ruwa ta riƙe. A tsakanin nan mota ko ƙofar gida ba ta bari ba.

Kowace yamma, komai gajiyar da ya dawo da ita, sai an cika tanki kafin magariba. Cewa yake tanki ba ya kwana da yunwa. Kun ga murfin tukunya in kun ɗaga, yadda ruwa ke tsattsafowa a cikinsa? To haka cikin tanki yake. Mota ta wuni da zafi, sanyi ya sauka, duk inda babu mai a ciki iska ce, iskar damina kuwa a jiƙe take. Sai ƙarfe ya yi gumi ta ciki, gumin ya gangara ƙasa. Ba wanda ya zuba, ba wanda ya bar murfi a buɗe, amma ruwa ya samu. In tanki a cike yake, gumi ba shi da wurin tsayawa. Ni ke riƙe mazurari, shi ke ɗaga jarka. Kafin a buɗe murfi sai an goge kewayensa da busasshen tsumma, don taɓo da raɓa a nan suke maƙalewa. In yayyafi ya kama mu muna cikin zubawa, sai a dakata, ko in kare bakin tankin da faifai. Da safe kuma, kafin ya tayar, sai ya sassauta ɗan notin da ke ƙarƙashin filta, ya tara min a kwalba in ɗaga wa rana. Gas mai lafiya garau yake, kana hango yatsanka ta bayan kwalba. In ya yi hazo-hazo kamar an ɗiga masa ƙasari, to akwai magana. Sai ya ji na ce "Bismillah" sannan yake murɗa makulli.

Sannu a hankali masu tarakta da masu injin niƙa suka fara kawo nasu in tace musu. A cikinsu ba na manta Ɗanlami, wani mai tarakta daga wajen Ɗankaza. Murfin tankinsa ya faɗi a gona, sai ya samu totuwar masara ya naɗe da tsumma ya toshe. Bayan an kwana biyu ana ruwa ya zo yana rantsuwa an yi wa taraktarsa sammu. Tana tari, tana farin hayaƙi, ta ja kunya biyu ta tsaya. Har rubutu ya karɓo ya yayyafa mata. Ina daga soro na ce wa Malam ya duba me ke bakin tanki. Ya zaro totuwar ya matse tsumman, ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunsa.

"Ɗanlami, ga mai sammun nan a hannuna. Ai lagwani ka sa mata. Duk ruwan da sama ta yi, tsumman nan ya tsotsa ya miƙa ciki."

"To ai toshewa na yi, Baba!"

"Ka toshe wa ƙuda, ka buɗe wa ruwa."

Murfin gaske da roba a cikinsa, kuma duk farkon damina Malam sai ya sake ta, ko ba ta tsage ba. Tanki yana da wani siririn bututu da yake shaƙar iska. Na Taƙi-Kwalta a ƙasa yake tun asali, Malam ya ƙara masa tsawo ya ɗaure shi can sama bayan kan mota, don kada ya nutse in ana ratsa rafi.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda gas ya ɓace a gidajen mai, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dole sai wajen 'yan bumburutu, masu sayarwa a jarka bakin titi. Ba na cewa duk mugaye ne. Wani jarkar da matarsa ta ɗebo ruwa da safe ita ya ɗauka da rana. Wani kuwa, Allah ya shirye shi, da gangan ne. Man yakan zo a girgize, ruwa ya bi jikinsa ya ƙi kwanciya, har dara takan ƙyale wani ya wuce. Nan na koma wa kunne. Duk macen da ta taɓa suyar ƙosai ta san abin da ɗigon ruwa ke yi a kaskon mai. Sai in ɗora tsohuwar fartanya a garwashi can madafi, nesa da rumfa, in ta yi zafi in janye ta daga wuta in ɗiga mata man. Mai lafiya hayaƙi kawai yake yi ya bushe shiru. Mai ruwa sai ka ji tas-tas. Wanda ya ce tas, Malam ba ya zubawa, ko da mota za ta wuni a gida. Ta kuwa wuni, ba sau ɗaya ba. Wani manomi daga Lajawa ya zo ƙofar gida yana ɗaga murya.

"Wai yanzu mace ce za ta ce a fita ko kada a fita? Ɗanyar masarata tana can tana bushewa!"

Malam ya ce, "Gara ta bushe a gonarka da ta ruɓe a cikin rafi."

Mutumin ya tafi ya ɗauki wata mota, ta kuwa kai shi lafiya ta dawo lafiya, bai sake nemanmu ba. Wahalar sana'ar nan ke nan. In ka yi daidai ba wanda ya gani, don ba abin da ya faru. Shekarar nan miyarmu ta sha kwana ba mai, amma Taƙi-Kwalta ba ta mutu a hanya ba. Shekara da shekaru haka muka yi ta tafiya, taya ta fashe, giya ta ƙi shiga, amma ba a taɓa cewa ruwa ya kashe ta ba.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, ana cikin marka. Ana gobe da yamma mun cika tanki yadda muka saba. Duron ya daɗe a kwance. Da safe ya tara min a kwalba. Gari a lumshe yake, ba rana, na fito tsakar gida na ɗaga wa sama, na ga garau. Na ɗiga a fartanya, ban ji komai ba. Na ce Bismillah. Ya tafi kai taki wajen Utai.

Abin da ya biyo baya daga bakin Bitrus na ji shi, wani ma'aikacin jami'a da ke noma 'yar gona a can, yana cikin fasinjan dawowa. Yaron kirki, har yau in ya biyo sai ya leƙo gaisuwa. Ya ce sun iso rafin da ake ratsawa ruwa bai wuce gwiwa ba. Malam ya sa giya ya shiga a hankali. Suna kaiwa tsakiya mota ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi, ta yi shiru. Ashe an tafka ruwa can sama, rafi yana ƙaruwa a kan idonsu. Malam ya sa maza suka riƙe hannu aka fitar da mata da yara tudu. Shi kuwa ya ƙi barin motar, don hatsin mutane na ciki. Ya buɗe gaban mota ya sassauta notin filta, ya tara a wata gora da Bitrus ya miƙa masa. Ruwa ne ya zubo. Ya buga famfon hannun da ke jawo mai daga tanki, ya sake sassautawa, ruwa dai.

"Mama," in ji Bitrus, "na ce masa Baba ka fito, mota ba ta fi rai ba. Sai ya ce min, saura kaɗan, man Manaja yana nan zuwa."

Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai masa ƙirji, tsoho mai furfura yana tsaye a ciki yana buga famfo. Sai da aka samo shanun huɗa daga ƙauye aka ja motar waje. Da la'asar sakaliya tarakta ta jawo su gida, yana kwance kan buhuna, haƙoransa na haɗuwa. Kafin gari ya waye zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya kama, numfashi sai da ƙyar. Muka kai shi asibiti, daga can kuwa ba da ƙafarsa ya dawo ba.

Bitrus ya kawo min gorar. Mai a sama, ruwa a ƙasa, ba ɗan kaɗan ba. Ko makaho ya girgiza ya san akwai abu.

Da na fita takaba na sa Habibu ya bi komai ina tsaye a kansa. Robar murfi lafiya lau. Bututun iska yana nan sama inda uban ya ɗaure shi. Aka sauke tanki aka kai wa mai walda, ya juya ya juya bai ga huda ba, ya ce wataƙila akwai 'yar tsaga da ba ta buɗewa sai mota ta karkace, ya liƙe wani wuri da yake zato, amma ya ce shi ma ba zai rantse ba. Aka tuntsurar da duron, abin da ke gindinsa bai wuce na kullum ba. Na gwada dara da cokalin ruwa, ta riƙe. Wata mata cikin fasinjan ta ce ta ga ya tsaya wajen wani mai jarka a ƙauye. Wani kuma ya ce ruwan alwala ya karɓa. Malam ɗin da ya yarda mota ta wuni a gida, shi ne zai zuba man da ban gani ba? An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To mun shafa bangon nan ko'ina ba mu ji tsaga ba, sai wuri ɗaya da sifana ba ta kwancewa.

Tun ranar sadakar uku na san wurin. Ƙanin Malam, Sule, yana magana da mutane a soro, ni ina daga ciki ina ji.

"Ba laifin kowa ba ne, kwana ne ya ƙare. Amma dai tsufa tsufa ne. Idon Yaya Tasalla ai ya daɗe da yin yana, ko zare ba ta iya sa wa allura. Kunnen ma sai an ɗaga murya."

Ban ji haushinsa ba, don ba ƙarya ya yi ba. Da hazo a idona kullum, na saba da shi, in na ɗaga kwalba nakan ce wannan nawa ne, ba na mai ba. To ranar fa? Ko hazon a kwalba yake na ɗauka na idona ne? Ko fartanya ta ce tas, ƙarar indararo ta danne? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Kwanan nan da Habibu ya gama gyaran mota na tare shi a tsakar gida na ce, "Wa zai riƙa tace maka?"

"Iya, gidan mai zan riƙa shiga. Daga famfo sai tanki. Ba duro, ba hula."

"Rumbun mansu a ina yake?"

"A ƙarƙashin ƙasa mana."

"Da damina ƙasa me take sha?"

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "To ki tace min, Iya."

In na ƙi, zai fita da man da ba wanda ya duba. In na yarda, da wane idon? Zulai ce ta leƙo daga madafi ta ce, "Iya, ke ki zuba, ni in duba." Haka muka fara. Hannu nawa, ido da kunne nata. Tana koyo, ba laifi, sai dai har yanzu tana ɗaga kwalba ta sauke da wuri, sai na ce ta sake. Habibu kuma na sa ya dafa kaina ya yi alkawari: ba zai shiga rafi ba sai ya tsaya a baki ya sassauta notin nan ya duba, in kuwa ta yi tari a tsakiyar ruwa, ya bar ta ya fito, ko zinariya ya ɗauko.

Duk da haka ga abin da ke cina. In ta idona ruwan ya shiga, to ɗana ya tsira, tunda an sake ido, amma ni na ce wa mijina Bismillah a kan ruwa. In kuwa ba ta idona ba ne, hannuna ya fita, amma ƙofar tana nan a buɗe tana jiran Habibu. Na daɗe ban san wanne zan roƙa ba. Yanzu in na ɗaga hannu, cewa nake Allah ya sa idona ne. Wannan zan iya ɗauka, kwana nawa ya rage min.

A asibiti na so in tambaye shi. Shi kaɗai ya san ko ya tsaya wajen mai jarka, shi kaɗai ya ga irin ruwan da ya fara zubowa. Sau da yawa na buɗe baki, in ga yadda ƙirjinsa ke ɗagawa, in haɗiye. Shi ma bai tayar da zancen ba. Ko sani ya yi ya rufa min asiri, ko shi ma bai sani ba, Allah ne masani. Ranar ƙarshe da hantsi wata ma'aikaciya ta zo ta rataya masa ƙarin ruwa, ta soka allura a bayan hannunsa ta fita. Ya buɗe ido ya zuba wa ledar, yana kallon ruwa na ɗiga yana bin tiyo yana shiga jikinsa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya motsa yatsa, na matso da kunnena.

"Manaja."

"Na'am, Malam."

"Yau ga ruwa ana ɗura min ina kallo. Wa ya tace wannan?"

Na ce, "Likitoci ne, Malam. Daga kamfani yake zuwa a rufe."

Ya ɗan yi murmushi ya lumshe ido. Kalmar shahada da ya yi daga baya leɓɓansa kawai na ga suna motsi, Habibu ne ya ji. Abin da ya faɗa min ni, wanda daga shi ban sake jin muryarsa ba, shi ne:

"To, Allah ya sa sun iya. Ni dai in ba ke kika tace ba, hankalina ba ya kwanciya."